Baba ya ƙi aikin asibiti, baffannina na shirin kai shi wurin mai allura

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 42, ina sana'ar ɗinki. Mahaifina malamin allo ne a ƙauyenmu, ya haura shekara 65. Kusan shekara biyu ke nan ganinsa na raguwa, har ya daina duba Alƙur'ani, sai dai ya karanta da ka. Bayan babbar salla na matsa na kawo shi asibiti. Likita ya ce idon dama yanar ido ce ta rufe shi, sai an yi aiki. Na hagu kuma ya ce hawan jinin ido ne, ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce kada a daina. Baba ya ɗiga wata biyu, ya ce bai ga wani canji ba, ya ajiye kwalbar. Aiki kuwa ya ce ko da wasa, domin yayansa an yi masa aiki a asibiti amma da makanta ya rasu. Yanzu ƙannensa sun samo wani mai magani da ke zuwa ranar kasuwa, wai yana kawar da yanar da allura nan take, ba yanka ba kwanciya, har sun sa ranar kai shi. Ni mace ce kuma 'ya, ba zan iya ja da baffannina ba. Ga shi ni ma zare ya fara yi mini gardama a allura, waya kuma sai na nisanta ta nake karantawa. Ko ni ma abin ne ya kama ni? Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah Ya ba Malam lafiya, Ya bar masa ganinsa, ke kuma Ya ba ki masu yi miki. Da ba ki dage kin kawo shi asibiti ba, da har yau kowa a gidanku na cewa tsufa ne.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Na lura hankalinki ya fi karkata ga idon dama, tunda shi ne ya yi fari kowa na gani, shi ake ta kai-kawo a kansa. Ni kuwa abin da ya hana ni sakat ita ce kwalbar nan da Malam ya ajiye. Idon da yanar ta rufe, muddin ba a soka masa komai ba, zai iya jiran 'yan makonni har a gama lallashi. Na hagu ba shi da wannan sararin, kowace rana da ta wuce ba magani yana cin hasara. Don haka da shi zan fara.

Sunan da muke kiran cutar, hawan jinin ido, yana ɓatar da mutane. Ba jini ne ya hau ba, kuma ƙwayar hawan jini ba ta maganinsa. Mutum na iya zama jininsa ƙalau amma idonsa na ciki. A asibiti gilakoma suke ce masa. Abin da ke faruwa shi ne, ido kullum yana samar da wani ruwa garai-garai a cikinsa, wanda ba hawaye ba, ruwan kuma na fita ta wata 'yar magudana da ke zagaye da gefen baƙin ido. In magudanar ta fara toshewa, ruwa na shiga ba ya fita yadda ya kamata, sai matsi ya ƙaru. A yawancin masu lafiya awon matsin yana tsakanin 10 zuwa 21. Can bayan ido akwai jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa. Ke tela ce, ki ɗauke ta kamar igiyar da aka tufka da silin zare sama da miliyan ɗaya. Matsin nan yana tsinke silin ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya tsinke ya tafi ke nan. Babu likita, babu magani, babu aikin da ke ƙulla shi.

Muguntar cutar ita ce ba ta ciwo, ba ta sa ido ja, kuma daga gefe take farawa. Mutum yana ganin abin da ke gabansa tar, amma sai ya riƙa tuntuɓe da buta, kafaɗarsa na bugun bakin ƙofa, mai babur ya ɓullo masa ta gefe bai ankara ba. A ce masa ya cika gaggawa, ko ya fara rikicewa. Kafin ya ce ganinsa ya ragu, an riga an ci rabin gonar. An yi wani babban binciken makanta a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007, aka duba idon mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An samu kusan mutum 5 cikin 100 suna da wannan cuta, kuma cikin masu ita waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba. Ɗaya cikin biyar kuwa ya riga ya makance. Malam yana cikin 'yan kaɗan da aka gano wa ita da sauran gani a idonsu. Wannan rahama ce babba, kada a bari ta kuɓuce.

Da ya ce bai ga canji ba, gaskiya ya faɗa, kuma ba zai gani ba ko ya shekara goma yana ɗigawa. Laifin namu ne da ba ma yi wa tsofaffi bayani tun ranar farko. Maganin ba na ƙara gani ba ne, na tsare wanda ya rage ne. Ki ba shi misali da abin da ya sani: in gara ta shiga rumbu, maganin da aka zuba ba ya dawo da damin da ta cinye, amma ba mai hankalin da zai ce tunda hatsi bai ƙaru ba a bar ta ta ƙarasa. In bara yana ganin hanyar masallaci, bana ma yana gani, to maganin ya yi aikinsa.

A cikin makon nan ki ɗauki takardar likita ki sayi sabuwar kwalba a kantin magani mai rajista, kada a koma wa tsohuwar, domin kwalbar da aka buɗe ba a son ta wuce wata guda. Sannan kada a bar wa Malam ɗigawa da kansa. Wanda ganinsa ya yi rauni rabin maganin a kumatu yake ƙarewa. A ɗora wa mutum ɗaya, ko mahaifiyarki ko babban almajirinsa, a haɗa lokacin da salla don kada a manta: in sau biyu ne, bayan asuba da bayan magariba, in sau ɗaya ne na dare, bayan isha. Mai ɗigawa ya wanke hannu da sabulu. Malam ya jingina kai baya ya dubi sama, a ja fatar idon ta ƙasa har ta yi ɗan aljihu, a sa ɗigo ɗaya tak, bakin kwalbar bai taɓa ido ko gashinsa ba. Ya lumshe ido, ya danna ɗan lungun da ke kusa da karan hanci da yatsa na kamar minti biyu, don kada maganin ya gangara maƙogwaro. In magani biyu ne, a ba da tazarar minti biyar. A sayi wata kafin wannan ta ƙare. Ki kuma duba sunan maganin: in timolol ne, kuma Malam na da asma ko bugun zuciyarsa na yin ƙasa, ki gaya wa likita ya canza. Da azumi ma ba a dainawa. Mai sau biyu ana iya mayar da shi lokacin sahur da bayan shan ruwa, sauran hukuncin kuwa Malam ya fi mu sani. Kuma tunda an yi watanni ba a ɗiga ba, lallai ya koma a sake auna matsin. Wani idon magani ba ya riƙe shi, sai an yi masa lesa, wato aiki da hasken na'ura, ko an buɗe wa ruwan sabuwar hanya.

Yanzu maganar yayansa, Allah Ya jiƙansa. Kada ki raina tsoron Malam. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, shi kuma da idonsa ya ga ɗan'uwansa ya tafi asibiti ya dawo ana ja masa sanda. Amma ina so ki bincika a hankali wurin iyalan marigayin, ko katin asibitinsa na nan, ko wani ya tuna abin da likita ya ce. Dalilina shi ne hawan jinin ido gado ne, yana bin jini. Labarin da ya fi yawa a gidajenmu shi ne a kai tsoho asibiti bayan jijiyar ta kusa ƙarewa, a yi masa aiki don a ceci ɗan hasken da ya rage, hasken ya ƙi tsayawa, dangi su koma gida suna cewa aiki ne ya makantar da shi. In haka ta faru da yayan Malam, to abin da ya cinye idonsa shi ne yake zaune a idon Malam na hagu yanzu, kuma kwalbar nan ce tsakaninsu.

Mai allura kuwa, 'yata, ba labari aka ba ni ba. Ina 'yar shekara goma sha uku aka yi wa goggona, wadda ta yaye ni. Har yau ina ganin wurin. An shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, wani ƙato ya durƙusa a bayanta ya riƙe mata kai, mutumin ya kwance wani tsumma ya zaro ƙarfensa, ya shiga ta gefen baƙin idon. Ba a daɗe ba farin nan ya ɓace. Ya ɗaga hannu ya ce nawa ne, ta ce tana ganin hannu, tana ganin haske. Mata suka rangaɗa guɗa, aka ba shi akuya da kuɗi. Kwana uku bayan nan ciwon ya tashi. Ni nake kwana a ɗakinta, na ga babbar mace tana riƙe kai tana salati har asuba, idon ya kumbura ya yi jawur, kwantsa ta manne shi. Aka aika a nemo mutumin, aka ce ya wuce wata kasuwa. Kafin damina idon ya motse ya shige ciki. Ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan nan, ni da ƙanwata muke yi mata jagora.

Ba tsafi yake yi ba, kuma ba cire yanar yake ba. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi mai kamar ƙwayar wake, shi ke tattara haske ya daidaita hoto. Da ƙuruciya garau yake. Shekaru, ko ciwon suga, ko bugu, su ke sa shi ya yi gajimare, wannan ita ce yanar. Mutane na zaton wata fata ce ta rufe idon daga waje, alhali madubin ne kansa ya dushe. Mai allura yana tsinke zaren da ke riƙe da madubin, ya tura shi ya faɗa can cikin ido. Haske ya samu hanya, shi ya sa ake guɗa a ranar. Amma ido ya rasa abin daidaita hoto, komai garara-garara, ba zancen karanta rubutu sai da wani tabarau mai kaurin gindin kwalba. Madubin da ya faɗa ciki kuma ba ya zama lafiya, yana jawo kumburi, yana tayar da matsin ido, ga ƙwayoyin cutar da ƙarfen ya shigar. Ki duba wannan da kyau: mutumin da tuni yake da hawan jinin ido za a yi wa abin da ke ƙara matsin ido.

Binciken nan na ƙasa da na ambata ya bi diddigin wannan ma. Cikin idanun da aka taɓa yi wa wani abu saboda yanar ido, kusan kashi 43 cikin 100 allura aka yi musu, kuma ya fi yawa a nan Arewa. Cikin waɗanda aka yi wa allurar, kashi 73 cikin 100 an same su a makance, wato ba sa iya ƙirga yatsu daga nisan mita 3. Bakwai cikin goma ke nan. Ko akuya ba za ki kai wurin wanda bakwai cikin goma ke mutuwa a hannunsa ba.

Aikin asibiti wani abu ne daban, kuma ya canza sosai daga zamanin da tsofaffinmu suka sani, lokacin da ake kwantar da mutum kwanaki a sallame shi da tabarau mai kauri. Yanzu ba a sa mutum barci, idon kawai ake kashewa, yana ji ana hira. Ana yin 'yar ƙaramar kafa, a fitar da madubin da ya dushe gaba ɗaya, a sa na roba a gurbinsa wanda aka auna daidai da idon, ya zauna har ƙarshen rai. Galibi bai wuce rabin awa ba. Washegari a cire bandeji. Makonnin da ke biye akwai maganin ɗigawa, a kiyaye ruwa da ƙura da murza ido, kuma likita zai faɗi ranar da zai koma yin sujada da wanke fuska a alwala, kafin nan akwai sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya. Babu wani maganin ɗigawa ko na sha, na bature ko na gargajiya, da ke narkar da yanar ido. Duk mai tallan haka a mota da lasifika kuɗinki yake so.

Sai dai ba zan yi miki alkawarin da ya fi ƙarfina ba, ke ma kada ki yi wa Malam. Hawan jinin ido ya saba kama ido biyu, ko da ɗaya ya riga ɗaya. Ki tambayi likita kai tsaye: an auna matsin idon dama? Yaya jijiyarsa take? In an yi aiki, wane irin gani ake sa ran zai dawo? In jijiyar na da lafiya, akwai kyakkyawan zaton Malam ya koma duba Alƙur'aninsa da tabaran karatu. In ta taɓu, ganin zai dawo gwargwadon abin da ya rage mata. Gara ya ji wannan daga bakin likita kafin aiki, don kada gidanku ya sake samun labari irin na yayansa. A duba masa suga da hawan jini tun kafin ranar. Wurare kuwa kina tsakiyarsu: ga Asibitin Ido na ECWA da ke aiki a Kano tun shekarun 1940, ga Asibitin Makka, ga sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ki tambayi kuɗin aikin da na magungunan bayan aiki tun yanzu, ku raba tsakaninku 'ya'ya. Akan samu ƙungiyoyi masu yin aikin kyauta, musamman wajen Oktoba da ake ranar gani ta duniya, amma a gaya musu yana da hawan jinin ido, kuma ki tabbatar akwai inda za a riƙa komawa a duba shi.

Sai baffanninki. Kin ce ba za ki iya ja da su ba, ni ma ban ce ki ja ba. Ba mugunta ce ta sa su ba. Sun rasa yaya ɗaya, suna kallon na biyu na lalube, ga kuma mai cewa zai gama komai kafin kasuwa ta watse. In kika shiga da "kun yi kuskure," girma zai hana su janyewa ko sun gane. Abu ɗaya za ki nema a yanzu: a ɗaga ranar. Ki bi ta wanda maganarsa ke shiga, babban wanki in kina da shi, ko maigidanki, ko liman aminin Malam. A ce likita na son sake ganinsa saboda idon hagu, wanda kuwa gaskiya ne, a bari ya je ya dawo tukuna. Ranar zuwan, ki roƙi baffan da ya fi faɗa a ji ya rako shi, ki biya masa kuɗin mota, ki ce ke yarinya ce, gara babba ya ji da kunnensa. Ku yi sammako ku zauna inda ake cire wa mutane bandeji. Ki bar shi ya ga tsoho sa'ansa ya buɗe ido yana kiran sunan jikansa, ya tambaye shi da bakinsa ko ya ji zafi. Gani ya kori ji. In kuma akwai wanda aka yi wa aikin a ƙauyenku ko maƙwabta, a kai shi ya gaida Malam.

In suka nace kan mai allurar, a roƙi baffa ya yi masa tambaya biyu cikin girmamawa. Ina gidansa, in ciwo ya tashi a same shi? Sannan ya nuna mutum uku da ya yi wa bara, ba na jiya ba, a miƙa musu allo su karanta.

Malam kansa, kada ki yi masa wa'azi. Hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, shi ya koya wa mutane shi. Ki je masa a matsayin 'ya mai tambaya: Baba, in likita ya ce ga magani, mutum ya bari har ido ya tafi, yaya hukuncinsa? Ki bar shi ya amsa wa kansa. In yana ganin aikin ido abin Turawa ne, akwai abin da zai ji daɗin ji. Wajen shekara ta 1000 miladiyya, wani likita Musulmi, Ammar ɗan Ali mutumin Mausil ta ƙasar Iraƙi, wanda ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami yana zuƙo yanar waje maimakon ture ta ciki. Tun a wancan zamani masana sun gane fitar da ita ya fi. Kuma ki riƙa ambata masa Alƙur'aninsa. Mutumin da ya rayu da shafi a gabansa, kewar shafin ta fi tsoron wuƙa ƙarfi in aka taɓo ta da lalama.

Na dawo kanki. Zaren da ke miki gardama da wayar da kike nisantawa, wannan ba cutar Malam ba ce. Madubin nan na ido da shekaru yake ƙara tauri, in mutum ya kai wajen 40 sai ya kasa lanƙwasawa ya kama abu na kusa. Kowa na zuwa wurin, telan da ya daɗe da wanda bai taɓa riƙe allura ba. Tabaran karatu mara ƙarfi ya ishe ki, kuma ki cire wa ranki zancen wai tabarau na ƙara kashe ido. Lambar za ta ƙaru bayan 'yan shekaru ko kin sa ko ba ki sa ba. Ki ƙara haske a kan kekenki, ki riƙa ɗaga kai kina duban nesa lokaci-lokaci.

Amma kada ki tsaya wurin mai tiren tabarau a bakin kasuwa ki zaɓi wanda ya yi miki ki tafi. Ke 'yar mai hawan jinin ido ce, haɗarinki ya ninka na sauran mutane, kuma a jikin baƙar fata cutar ta fi yawa, ta fi saurin farawa. Ranar da kika kai Malam, ki yanki kati ke ma. Ki ce mahaifinki na da gilakoma, kina so a auna matsin idonki a kuma leƙa jijiyar. Karanta haruffan bango kaɗai ba ya gano ta, mutum na iya karanta layin ƙasa tsaf alhali gefensa ya tafi. In an ce lafiya, ki riƙa komawa duk shekara ko shekara biyu. Haka duk yayyenki da ƙannenki da suka kai 35, haka baffannin nan naki, waɗanda su ne ma suka fi kowa kusa da abin. In baffan da ya yi rakiya ya yarda aka auna nasa a ranar, kin yi riba biyu.

Akwai wani abu da nake so ki duba a ɗakin Malam da naki. Da hunturu, in ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, mutane na zuwa kemis a ba su wata 'yar kwalba mai sanyaya ido nan da nan. Da yawansu na ɗauke da dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone. Suna da amfani a hannun likita na ɗan lokaci, ko bayan aiki ana ba da irinsu. Amma wanda ya mayar da su na kullum suna tayar masa da matsin ido, suna kuma kawo yanar, kuma jinin masu gilakoma ya fi saurin kamuwa. In kin ga irin wannan kwalbar a wurin Malam, ki tafi da ita asibiti ki nuna. Yaranki ma kada a riƙa ɗiga musu. Nono, ruwan suga, ruwan albasa, fitsari, tsimin ganye, duk kada ɗaya ya shiga idon kowa a gidanki, hakiya da yawa daga nan ta samo asali. In kuwa wata rana idon Malam ya tashi da ciwo mai tsanani, ya yi ja, ga ciwon kai da amai, ko ya ce wani labule ya sauko masa, ba a kwana da wannan, a nemi mota a ranar.

Ki fara da kwalbar da ɗaga ranar, su biyun nan kafin kasuwa ta zagayo. In kun dawo daga asibiti ki rubuto mini lambar matsin da aka samu a kowane ido, nasa da naki, da abin da likita ya ce game da jijiyar idon dama, sai mu san yadda za a ɓullo wa Malam kan ranar aiki. Ki gaishe shi, ki ce ina roƙon ya sa mu a addu'a.